Tambaya da Amsa: Yaya Matasan Ƙauye Za Su Koyi Jagoranci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Sandamu, a masarautar Daura. Ɗalibaina 'yan shekara 14 zuwa 18 suna da ƙwazo, amma idan aka zo taron gari sai su koma gefe su yi shiru. Ta yaya zan koya musu jagorancin al'umma?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shirun nan kunya ce da tarbiyyar da ta hana yaro tsoma baki a gaban manya, kuma bai kamata a rushe ta ba. Abin da ya dace shi ne a ba su fagen da zai zama nasu.

Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke naɗa sarkin samari, wanda yake tara tsararrakinsa a yi gayya a gonar wani dattijo. Ka farfaɗo da wannan al'ada. Kafin damina ka nemi izinin dagaci, su zaɓi shugaba da ma'aji da kansu, su shirya yashe magudanar ruwa ko dasa itatuwa a harabar makaranta, 'yan mata ma a ba su nasu aikin. Kuɗin da aka tara, ko naira dubu biyar ne, a karanta lissafinsa a gaban kowa, domin a nan ake koyon riƙon amana, kuma a ganina a nan ne manya da dama suka kasa.

Ka kuma sanar da su cewa tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar dokokin jiha daga 30 zuwa 25.