Kwamfutar shagona Windows 7 ce, ya zan yi da maganar abdet?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, daga Ƙauran Namoda nike. Ina da shagon tayfin da firintin, kwamfutar Windows 7 ce kuma tsohuwar firintata da ita kaɗai take aiki. Wani yaro ya ce min akwai inda ake sauke abdet ɗinta kyauta, dan Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya Microsoft sun daina yi wa Windows 7 abdet na tsaro tun 14 ga Janairun 2020, kamfanonin da suka biya kuɗi ne aka ƙara musu shekara uku, wannan ma ya ƙare a Janairun 2023. Tsofaffin abdet ɗin dai suna nan, in ba ka taɓa sa su ba, to ka sa Service Pack 1 (babban tarin abdet na Windows 7) da duk abin da ya biyo baya har 2020. Amma wanda ya ce maka akwai sabo kyauta a wani shafi can, dan Allah kar ka taɓa, sau da yawa bairos ne aka yi wa riga.

Abdet ɗin nan kamar yaɓen gini ne kafin damina, kullum ana gano sabuwar ɓaraka, in ba mai toshewa ruwa zai shiga. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila alhali Microsoft sun fitar da maganinsa tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba, to ina ga wadda ba a yi mata maganin ma gaba ɗaya.

Akwai wata manhaja mai suna 0patch ta wani kamfani a Sulobeniya da ke toshe wasu ramukan Windows 7, amma biya ake yi kuma ba duka suke rufewa ba. Ga Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7, ba ya ƙara samun abdet a kanta.

Ni shawarata, tunda firintar ce ta riƙe ka, raba kwamfutar da intanet kwata-kwata, cire modem ɗin, kar ka ƙara jona mata hotspot, ta zauna kan tayfin da firintin kawai. Duba sakamakon WAEC da NECO ko shiga banki ka yi a waya, ko a sa maka Linux Mint (wani tsarin kwamfuta ne irin Windows) a gefe, da shi kaɗai za ka riƙa jona intanet, kyauta ne kuma ana yi masa abdet. Kar ka kashe kuɗi wai za ka koma Windows 10, ita ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoban 2025.

Abin da ya fi damuna da shagonka shi ne filashin ɗalibai. Kwanaki aka kawo min wata kwamfuta nan Gusau, mai shago na buɗe filashi sai ga fayilolin firojet ɗin yarinya duk sun koma shotkot masu 'yar kibiya, tana tsaye tana hawaye, da kyar muka dawo da su. Kashe AutoPlay (mai buɗe filashi da kansa da zarar an jona), buɗe akawun ɗin da ba na admin ba ka riƙa aiki da shi, kuma duk Juma'a kwafe ayyukanka a wani hard disk daban ka cire shi ka sa a durowa.