Baba Fasto, bakina ya yi nauyi wajen addu'a

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Zuru:

Baba Fasto ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Mu mutanen wajen Danko-Wasagu ne, 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo Zuru gidan yayan maigidana, damina biyu kenan bamu taka gonarmu ba. Da can ni ce mai tada yara addu'ar asuba, amma yanzu in na durƙusa sai bakina yayi nauyi, in ma nayi sai inji kamar ina ɗibar ruwa da kwando. Shin bangaskiyata ce ta mutu? Ya zanyi in koma kamar da?

Amsa:

'Yar'uwa sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku. A'a, bata mutu ba. Gawa bata jin ciwo, ke kuma gashi rashin addu'ar na cin ranki har kin zauna kin rubuto min.

Gaskiya wani laifin namu ne mu fastoci, mun saba ma mutane cewa addu'a sai wadda akayi da ƙarfi ana zufa ana buga ƙafa, toh ranar da mutum bashi da wannan ƙarfin sai ya ɗauka Allah ya juya masa baya. Ki buɗe Zabura, guda 150 ne kuma da yawansu kuka ne zalla. A Zabura 13 sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe, cikin ayoyi biyu kacal. Zabura 88 kam da duhu ta ƙare, babu ko kalmar lallashi a ƙarshenta, amma ba'a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Dan haka in abinda ke bakinki shine maganar gonar dawa da ciyawa ta cinye, da zaman gidan wani inda ko tari sai kin yi a hankali, shi zaki faɗa ma Allah, shima addu'a ne. Mahaifin yaron nan mai aljani da aka kawo ma Yesu a Markus 9:24 cewa yayi ya bada gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma Yesu bai kore shi ba, ya warkar masa da ɗa.

Amma ga inda nake so ki tsaya sosai. Ke matar manomi ce, kin saba da rumbu, ana girbi a zuba, ki leƙa ki san cewa har wata damina akwai tuwo, kuma mu duka haka muke son dogara ga Allah ta kasance, mu leƙa mu ga na shekara a ajiye sannan hankali ya kwanta. Toh a Fitowa sura 16 Isra'ilawa shekara 40 suna jeji babu rumbu ko ɗaya, manna ce, wato abincin da Allah ke aiko musu daga sama, ke sauka kowace safiya, kowa ya ɗebi awon yini ɗaya, wanda yayi wayo ya ɓoye na gobe sai ya wayi gari ta yi tsutsa tana wari, in banda rana ta shida da ake ɗibar na kwana biyu saboda Asabar. Kinga shi yasa da Yesu ya koya mana addu'a a Matiyu 6 abincin yini yace mu roƙa. An ɗauke ki daga rumbu an maida ki mudu, da zafi kam, bazan ce miki babu zafi ba, sai dai bangaskiyar da ake nema wajenki yau ta yau ce kawai, kada ki ɗora ma kanki ta damina mai zuwa.

Sai maganar yadda zakiyi. Daniyel ma ɗan gudun hijira ne in kin lura, ƙwace shi akayi daga ƙasarsu aka kai Babila yana saurayi, kuma sura 6 aya 10 tace sau uku a rana yake durƙusawa kamar yadda ya saba. Sabon nan shi ya riƙe shi ranar da wuya ta zo. Ki ɗaura addu'arki jikin aikin da dama kullum sai kinyi shi: kafin ki hura wutar safe minti biyar, in ma Addu'ar Ubangiji kaɗai kika iya ya isa, da rana kan hanyar ɗebo ruwa tunda nasan gidan cike yake babu ɗakin da zaki shiga ki rufe ƙofa, da dare kuma ki tara yaran ɗaya ya karanta Zabura 121 ke ki ce amin. Ranar da kalma ta ƙi fitowa ki zauna shiru abinki, Romawa 8:26 tace Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki baya iya faɗa.

Bazan miki alkawarin cewa in kinyi haka wata kaza zaku koma gida ba, bani da wannan ikon. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar dake jikinsa, amsar da ya samu itace alherin Ubangiji ya ishe shi. Duk wanda yace ki kawo kuɗi ko ki sayi wani mai ko ruwa dan addu'arki tayi saurin karɓuwa, ki riƙe kuɗinki ki sayo ma yara masara.

Abu ɗaya kuma, in barci baya zuwa, ko ƙarar babur na sa gabanki faɗuwa har jikinki na rawa, wannan tsoron abinda kuka gani ne bai sake ki ba, ki je asibiti a duba ki, ba zunubi bane. Ki kuma samu shugabar zumuntar mata ta ikilisiyar da kuke sujada yanzu ki faɗa mata abinda kika faɗa min, ta haɗa ki da mace ɗaya da zaku riƙa addu'a tare ko sau ɗaya a sati, a Zuru yanzu ba ke kaɗai ce aka taso daga ƙauye ba. Ki gwada wata ɗaya ki sake rubuto min. A gaida maigida da yara.