Fokilif ɗinmu tana tsallaka titi kullum: sai mun yi mata lamba?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni manajan sito ne a Sharaɗa, Kano. Sitonmu biyu ne suna kallon juna, titi a tsakani, fokilif ɗinmu, wato injin ɗaga kaya, mai ɗaukar tan uku ce ke jigila. Satin da ya wuce saura ƙiris ta murƙushe wani ɗan adaidaita sahu, har yanzu gabana faɗuwa yake yi. Maigidana ya ce injin cikin gida ne, ba ruwansa da takardu tunda tsallakawa ce kawai. In tsautsayi ya faɗa, wa za a kama?

Amsa: Allah Ya tsare gaba, Malam. Direban za a fara riƙewa, sannan a nemi wanda ya tura shi, wato kai.

Da zarar tayarta ta taka titin gwamnati, mota ce a wurin hukuma. Dokokin hanya na 2012 da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ke aiki da su sun ce rajista da lamba, takardar lafiyar mota daga jami'an duba motoci (VIO), inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, da direba mai lasisi. Ba a ware wa mai gajeriyar tafiya rangwame ba. A gyara birki, fitilun gaba da baya, sigina, ham da madubi, a ɗora fitilar nan mai walƙiya a kanta. Ka duba inshorar masana'antarku ma, yawanci a bakin ƙofa take tsayawa.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan ta “ai ba gudu take ba”. Kullum sai na ji ta, kuma daga bakin manya. Fokilif mai ɗaukar tan uku, ita kaɗai ba kaya, ta haura tan huɗu saboda tulin ƙarfen da ke bayanta. Ɗora mata buhunan shinkafa, ka tashi da tan bakwai, birki kuma a tayoyin gaba kawai yake. Da tayoyin baya take kwana, shi ya sa in direba ya murza sitiyari sai bayanta ya yi waje kamar jelar kada. Ɗan adaidaitan da ya ce bari ya raɓa ta baya ya wuce bai san da wannan ba, don bai taɓa ganin motar da ke haka ba. Kusan na tabbata abin da ya faru da ku ke nan.

Ga kuma titin kansa. Injin nan ba ta da sifirin, don daɓen siminti aka ƙera ta, kuma gatarin bayanta a tsakiya yake maƙale, don haka a kan wuri uku take tsaye, ba huɗu ba. Taya ɗaya ta faɗa rami ko gefen kwalbati alhali kaya na sama, shi ke nan ta kife. Yaran da ke tuƙa ta kuwa sai su ɗaga kayan sama wai don su hango gaba ta ƙarƙashi! A sauke yatsun ƙarfen da ke ɗaukar kayan su zama kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a kwantar da kayan baya. In sun tare gani, a tafi da baya. A kan gangara kuwa, kaya su fuskanci tudu. In kuma ta fara kifewa, kada direba ya yi tsalle, rufin ne ke danne masu tsalle. Ya ɗaura bel, ya riƙe sitiyari gam, ya karkata ɗaya ɓangaren, ba inda take faɗuwa ba.

Kada kuma ka ba ’yan cuwa-cuwa kuɗi su kawo maka takardar lafiya alhali ba wanda ya taka birkin injin. Takardar da aka buga a ƙarƙashin bishiya ba ta tsayar da tan bakwai.

Ka gaya wa Alhaji zaɓi biyu ne: a yi mata takardu, a sa mutum biyu da jan ƙyalle su tare hanya duk lokacin tsallakawa, kuma ban da bayan magariba, ko kuma fokilif ta yi lodi a cikin gida, a-kori-kura ta tsallaka da kayan. Ni na biyun zan ɗauka.