Tabaran VR ba zai yi maka zane ba, amma zai nuna maka inda sifana ba ta shiga

Yarona na ga tambayarka, wai tunda yanzu ana saka tabaran VR a shiga cikin injin da aka zana a kwamfuta a zagaya shi kamar an riga an ƙera, me zai sa ka ci gaba da wahalar koyon manhajar zanen inji ta SolidWorks da awo da su tolarans (wato iyakar kuskuren awo da aka yarda da shi), ba gara ka tsallaka kai tsaye zuwa VR ɗin ba. Toh tsaya ka ji, kar ka tsallake komai.

Abin da tabaran nan yake nuna maka ba shi ne zanen ba fa, kwafinsa ne. A CAD, wato manhajar zane irin su SolidWorks, in ka zana rami mai faɗin milimita 20, lissafinsa kwamfuta ta riƙe, da'ira ce cikakkiya duk yadda ka zuƙo ta. Amma kafin a kai shi VR sai an farfasa kowane lanƙwasa zuwa ƴan ƙananan alwatika rututu saboda su ne katin hoto na kwamfuta yake iya zanawa da sauri, kuma saurin nan dole ne, tabarau irin su HTC Vive da Oculus Rift da suka fito a 2016 hoto 90 suke nema duk daƙiƙa, kowane ido da nasa, in kwamfuta ta kasa sai ka juya kai hoton ya biyo ka a makare, nan da nan jiri da tashin zuciya su kama ka. Shi ya sa muke cire zaren noti da ƙwayoyin cikin boris da duk abin da ido ba zai gani ba kafin mu tura. To abin da aka rage wa jiki haka, ta yaya za ka ɗauki awo a kansa ka miƙa wa masu yanka ƙarfe? Ba ya yiwuwa.

Amma kar ka ɗauka raina shi nake, wallahi ina son abin nan. Amfaninsa shi ne ganin abu a ainihin girmansa. A sikirin kana juya inji da mawus, ka ɓoye murfi, ka leƙa ta ƙasa, komai ya yi maka daidai, manhaja ma ta duba ta ce babu ƙarfen da ya ci karo da wani. Abin da ba ta faɗa maka shi ne ko hannun ɗan Adam zai shiga. Ɗauki famfo mai filta a bayan bututu. A zane akwai fili, amma da ka saka tabarau ka durƙusa ka miƙa hannu sai ka ga kafaɗarka ta tokare da firam, notin ƙarshe yana can lungu, sifana ta kama shi amma babu sararin da za ta juya, ita kuma filtar ba ta fita sai an kwance bututun gaba ɗaya. Aikin minti goma ka mayar wa bakanike da shi na wuni guda, kuma shekara da shekaru zai yi yana fama da shi. Gyaran wannan a kwamfuta matsar da layi ne kawai, in an riga an yi walda kuwa sai dai a yanke. Don haka in za a duba zane, ka kira bakanike da mai walda su saka tabaran da kansu, mutumin da ba ya iya karanta takardar zane ma yana shiga zai nuna maka da yatsa ya ce oga nan ba zai yiwu ba.

Dama tun asali CAD da VR tafiyarsu ɗaya, Ivan Sutherland da ya yi manhajar zane ta Sketchpad a jami'ar MIT a 1963 shi ne kuma ya haɗa na'urar kallo ta sakawa a kai, kakan tabaran VR, a 1968. Jirgin sama na Boeing 777 da ya fara tashi a 1994 da manhajar CAD ta CATIA aka zana shi kaf, kaga zanen ne tushe, kallon daga baya yake zuwa.

Sai ka kiyaye, a VR ba ka jin nauyi, hannunka zai ratsa ƙarfe ya wuce ba ka sani ba, giyabos ɗin da sai da ƙugiya ake ɗagawa za ka ɗauke shi da yatsa biyu. Ka kuma duba ma'auni kafin komai, CAD ɗinka milimita ne, a manhajojin da ake haɗa VR da su kuwa Unity mita yake ƙirgawa, Unreal kuma santimita, in aka kuskure sai ka tarar da noti ya fi ka tsawo. Duk gyaran da aka gano kuma a rubuta shi a koma CAD a yi shi can sannan a sake fitar da sabon kwafi da lambarsa, kar ka taɓa matsar da abu a cikin VR ka ce an gyara.

Gama zanen famfon da na ba ka tukuna, ka sa tolarans na shaf da mazaunin boris, ka ajiye shi a fayil ɗin STEP, irin wanda manhajojin CAD daban-daban suke iya buɗewa, ka kawo min in duba, daga nan sai mu tura shi tabarau ka gwada ciro filtar da hannunka.