Ɗan jarida a shari'ar saki da riƙon yara

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ɗan jarida ya halarci shari'ar saki da riƙon yara. Ni dai ya shiga, amma da sharaɗi. A Ingila da Wales sun gwada haka a 2023, suka faɗaɗa shi zuwa duk kotunan iyali a Janairun 2025: a ba da labarin shari'a, a sakaya sunan yaro da iyayensa.

Sai dai a garin Garwa na Kamaru sakaya suna kaɗai bai isa ba. Da an rubuta "matar wani mai shagon atamfa a babbar kasuwa, 'ya'ya huɗu", kafin la'asar an gano ta a gidan biki. A cire unguwa da sana'a, a bar mana yadda alƙali ya yanke kuɗin ciyarwa da dalilinsa.