Hajiya, Kada Ki Jiƙa Alabastar Nan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi ƙaramin mutum-mutumin alabasta a shagon kayan tarihi a Italiya, 'yan mata uku rungume da juna, mai shagon ya ce aikin Canova ne. Yanzu ya yi dauɗa ya koma ruwan ɗorawa. Ƙawata ta ce in jiƙa shi a ruwan omo da lemon tsami ya kwana. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da kika tambaya kafin ki ɗebo bokiti.

Batun Canova gajere ne. Shi shahararren masassaƙin Italiya ne, da farin marmara yake sassaƙa, ya kuma rasu a 1822. Naki kwaikwayon aikinsa ne, irin wanda masassaƙan Volterra a yankin Tuskani suka riƙa yi wa matafiya a ƙarni na 19. Tun 1791 wani mai suna Marcello Inghirami Fei ya buɗe makarantar wannan sana'a a garin. Idan na wancan zamanin ne yana da darajarsa, ba dai wadda aka faɗa miki ba. Ki haska tocila ta bayansa: alabasta na barin haske ya ratsa wuraren da ba su da kauri. In kika ga layin haɗi ko ƙananan ramukan kumfa, na zubi ne, garin dutse da roba.

Sai maganar ruwa, wadda na gaji da maimaitawa. Mutane na ganin farin dutse sai su ce ai marmara ne. Alabastar Italiya jifsam ce, dangin filastar da ake ɗaure karaya da ita. Taurinta 2 a ma'aunin Mohs na auna taurin duwatsu, marmara 3, shi ya sa farce ma yake karce ta. Kuma narkewa take a ruwa, kusan giram 2 a kowace lita. Kaɗan ne, ko? To, duk kyawun aikin a fatar saman nan yake: sheƙin da aka goge da hannu, silin gashi, bakin leɓe. Kwana ɗaya a bokiti ya isa ya dusashe su, kuma ba mai gyaran da zai dawo da abin da ruwa ya ci. Irin waɗannan ƙananan ayyuka sau da yawa gaɓa-gaɓa aka haɗa su da gam da ƙarfe a ciki. In ruwa ya shiga sai gam ya saki, ƙarfe ya yi tsatsa ya fasa dutsen. Masu "gyara" na intanet da ke cewa a shafa man zaitun su ma ɓarna suke: mai yana shigewa, ya jawo ƙura, ya ƙara rawayar da kike gudu. Kada kuma ki shanya shi a rana ko kusa da hita, zafi na mayar da shi fari fat kamar alli.

Ki share ƙurar da busasshen buroshi mai laushi, ki ɗauke shi ta gindi da safar hannu, ba ta wuya ko hannu ba. Rawayar kuwa, wataƙila tsohon kakin zuma ne ko hayaƙi. Ki kai wa ƙwararren mai adana kayan tarihi na dutse, ya fara gwadawa a ƙasan gindin inda ido ba ya kaiwa.