Zuba jari a katakon maɗaci: a sayi ɗanye ko busasshe?

Wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana sayar da farin katako na rufin gini ya aiko da tambaya cewa yana son ya karkata jarinsa zuwa maɗaci domin ya riƙa sayar wa kafintoci, amma ya rasa wanda zai saya tsakanin ɗanye mai araha da busasshe mai tsada.

Malam, abin da ya sa kafintoci ke neman maɗaci a fili yake. Katako ne mai nauyi da ƙarfi, wanda idan ya bushe mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi kan kai kilo 700 zuwa 800, alhali danginsa na dazuzzuka masu yawan ruwan sama ba su cika wuce kilo 600 ba. Idan aka yanka shi sabo launinsa ja ne mai haske, sannan a hankali ya rine ya koma ja mai duhu, kuma wannan launin ne mai sayen gado ko ƙofa ko teburin ofis yake biyan kuɗi dominsa. Ana kuma sassaƙa kwale-kwale da turmi da shi, ana yanka shi siriri a lulluɓe fuskar katako mai araha.

Sai dai ribarka ba a wajen saye take ba, tana wajen busarwa. Zaren maɗaci a harɗe yake, wani ya nufi dama wani hagu, shi ya sa idan ruwa ya fita daga jikinsa da gaggawa sai ka ga falle ya murɗe ko bakinsa ya tsage. Kafintan da ya haɗa ƙofa da ɗanyen katako zai ga ta daina rufuwa bayan 'yan watanni, mai ƙofa ya dawo masa da ita, shi kuma ba zai sake taka shagonka ba. Saboda haka idan ka sayi ɗanye, ka san cewa ka sayi aiki da jira. Za ka jera shi a inuwa, nesa da ƙasa, ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi domin iska ta ratsa, ka shafa fenti a bakin kowane falle, ka ɗora nauyi a sama. Kayan ɗaki na son danshin katako ya sauko kusan kashi 12 cikin 100, kuma ƙaramar na'urar auna danshi ta fi rantsuwar dillali amfani.

Lissafin da ya kamata ka yi shi ne na watannin da kuɗinka zai kwanta bai juya ba, da kuɗin ajiya, da fallayen da za su lalace duk iya kulawarka. Idan ka haɗa waɗannan ka ga ɗanyen ya kusa kamo farashin busasshe, to arahar ta suna ce kawai. A ganina, mai ƙaramin jari ya fara da busasshe kaɗan, ya ci gaba da farin katakon da ke kawo masa ciniki kullum, sannan ya riƙa sayen ɗanye da ribar da ta taru. Kada ka ci bashi ka sayi kayan da sai ya yi watanni kafin ya sayu.

Wajen zaɓe, ka duba farin gefen da ke ƙarƙashin ɓawo, domin shi ƙwari ke fara hudawa, kuma garin katako mai laushi a ƙasan jeri alama ce sun riga sun shiga. Ka ware fallayen da suka yawaita fari ka sayar da su daban. Ka kuma gaya wa sabon kafinta ya wasa bakin injinsa sosai saboda harɗaɗɗen zaren yana yagewa, ya huda rami kafin ya buga ƙusa kusa da baki.

Game da takardu, tun watan Fabrairu na 2023 maɗacin Afirka ya shiga rukuni na biyu na CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, bayan taron da aka yi a Panama a 2022, don haka fitar da gungume ko yankakken katako zuwa wata ƙasa sai da izini na musamman. Ko a cikin gida za ka tsaya, ka nemi shaidar izinin sara daga wanda ya sayar maka kafin ka biya, domin idan jami'an gandun daji suka kama mota, kayan wanda aka samu a hannunsa ake ƙwacewa.